Wace filta ce ta dace da kwamin ninƙaya mai lita 75,000, kuma yaya ake kula da ita?

Abu Safiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan filtar kwamin ninƙaya. Tsawon kwamin mita 10 ne, faɗinsa mita 5, zurfinsa ya fara daga mita 1.2 ya ƙare a 1.8. Filtar da ke kai ta yashi ce, faɗin tankinta milimita 500. Famfon mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, bututan kuma duk na milimita 50.

Matsala biyu ce. Ta farko, ruwan ba ya yin garau, kullum da ɗan hazo-hazo ko da famfo ya wuni yana aiki. Ta biyu, ana samun yashi a ƙasan kwamin, daidai ƙarƙashin bakin da ruwa ke dawowa. Wasu sun ce a koma filta mai katirij, wato mai tacewa da yadin roba, wasu sun ce ta garin DE, wani gari mai laushi da ake tace ruwa da shi, ta fi. Wacce ta dace? Sannan sau nawa ya kamata a riƙa wanke ta? Yanzu dai kullum da safe ake yi. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Garba ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga maganar wane iri za ka saya, bari mu yi lissafi, domin alƙaluman da ka bayar sun riga sun nuna inda gizo ke saƙar.

Matsakaicin zurfin kwaminka mita 1.5 ne. Idan ka ninka 10 sau 5 sau 1.5, ka samu kubik mita 75, wato lita 75,000. Ana so ruwan kwamin gida ya bi ta filta gaba ɗayansa cikin awa 6 zuwa 8. Raba 75 gida 6, ka ga kana buƙatar kubik mita 12.5 a kowace awa. Wannan shi ne gudun ruwan da za a gina komai a kansa.

Yanzu ga filta. Abin da ke aiki a filtar yashi shi ne faɗin fuskar yashin, ba tsayin tanki ba. Iyakar da masu ƙera ta kan sa ita ce kubik mita 50 a awa ga kowane murabba'in mita na fuskar yashi, kuma wannan iyaka ce ta ƙarshe. An fi samun tata mai kyau a tsakanin 30 da 40. Tanki mai faɗin milimita 500 fuskar yashinsa ba ta cika murabba'in mita 0.2 ba, ke nan ƙarshen ƙarfinsa kubik mita 10 ne a awa. Famfo mai doki ɗaya da rabi kuwa yakan tura kusan kubik mita 20 idan hanya ta ba shi. Duba takardar famfon ka tabbatar, akwai zanen da ke nuna yawan ruwan da yake turawa gwargwadon nauyin hanyar da ruwan ke bi. Amma ko yaya aka juya, famfonka ya fi ƙarfin filtarka nesa ba kusa ba.

Idan ruwa ya shiga yashi da irin wannan gudu, abu uku ke faruwa. Ƙananan datti ba ya samun damar maƙalewa, ruwan yana tura shi ya ratsa yashin ya koma kwami. Ruwan yana haƙa wa kansa hanyoyi a cikin yashin, musamman ta jikin bangon tanki, sai ya riƙa bi ta nan ba tare da an tace shi ba. Sannan 'yan ƙananan bututan nan masu tsaga da ke shimfiɗe a gindin tanki kamar yatsun hannu, waɗanda ke barin ruwa ya wuce su tare yashi, suna shan wahala har ɗaya ya tsage. Hazon da kake gani da yashin da ke ƙasan kwami duk tushensu ɗaya.

Mafita biyu ce. Ko ka bar famfon, ka ɗora masa tanki mai milimita 750, wanda fuskarsa ta kai murabba'in mita 0.44, sai gudun ya sauko wajen kubik mita 45 a awa ga kowane murabba'in mita. Ko ka sauya famfon da ƙarami mai tura 12 zuwa 14, ka haɗa shi da tanki mai milimita 600 zuwa 650. Mai 600 fuskarsa 0.28 ce, zai ɗauki 12.5 ba tare da takura ba.

Ni dai na fi karkata ga ta biyu, saboda bututanka. A ɓangaren da famfo ke zuƙo ruwa ba a so gudun ya wuce mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Bututu mai milimita 50 a wannan gudu kubik mita 8 zuwa 9 a awa yake ɗauka, mai 63 kuma kusan 14. Idan layin zuƙo ɗaya ne tal, babban famfo wahala kawai yake sha, yana cin wuta yana ƙara. Idan layi biyu ne, ɗaya daga sikima, wato bakin da ke jikin bango yana zuƙe ruwan sama, ɗaya daga magudanar ƙasan kwami, to su biyun za su ciyar da ƙaramin famfo cikin sauƙi.

Wanda ke da hali ya sa famfo mai sauya gudu. A ka'ida, idan ka rage gudun injin da rabi, wutar da yake ci kan sauko kusan kashi ɗaya cikin takwas, sai ka tsawaita lokacin aikinsa, yashin kuma ya tace a hankali. Lokacin wanki sai ka ɗaga shi sama.

Abu na ƙarshe: kada ka ɗauka zagaye ɗaya ya tace ruwan duka. Tataccen ruwa yana komawa ya gauraya da wanda bai shiga ba. Lissafin wasu masana biyu, Gage da Bidwell, ya nuna zagaye ɗaya kusan kashi 63 cikin ɗari yake taɓawa, biyu 86, uku 95, huɗu 98. Shi ya sa idan ruwa ya gurɓace ake barin famfo ya kwana ya wuni, ba awa shida kawai ba.

Malama Hadiza ta rubuta:

Injiniya ya gama magana a kan lissafi, sai dai ina da ƙari a kan zaɓin tanki mai 750. Girman filta alheri ne, amma a ta yashi yana da iyaka. Wajen wanki, dole ruwan da ke shigowa ta ƙasa ya ɗaga yashin ya motsa shi kamar yana tafasa, kuma hakan na buƙatar wajen kubik mita 40 zuwa 50 a awa ga murabba'in mita. Duk wanda ya haɗa tanki mai 750 da famfo mai tura 12, zai ji daɗin tata a watannin farko, daga baya yashin ya dunƙule saboda bai taɓa wankuwa sosai ba. Saboda haka ɗan'uwa, kada ka ɗauki babban tanki daga mafita ta farko ka haɗa da ƙaramin famfo daga ta biyu.

Game da iri ukun da ka tambaya, bambancinsu yana ga girman dattin da suke kamawa da kuma irin hidimar da suke nema. Ana auna girman da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Yashi yana kama abin da ya kai maikiron 20 zuwa 40. Katirij 10 zuwa 20. Garin DE yana sauka har 3 zuwa 5.

Katirij wani yadi ne na roba da aka lanƙwasa ninki-ninki kamar filtar iskar mota. Ba ya buƙatar juya ruwa, don haka ba a asarar ruwa wajen wanki, wannan kuma babban abu ne inda ruwa ke da wuya. A lura, wankin yashi na minti uku a gudun kubik mita 14 a awa yana zubar da lita 700. Kwami irin naka zai so katirij mai faɗin yadi kusan murabba'in mita 19 ko fiye, a nan kam duk yadda ya ƙara girma ya fi. Wahalarsa ita ce sai an buɗe tanki an ciro shi an wanke da hannu. Ana wanke shi da tiyo na yau da kullum, daga sama zuwa ƙasa, a karkace, ana buɗa ninkin ɗaya bayan ɗaya. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana yaga yadin. Sau ɗaya ko biyu a shekara a jiƙa shi ya kwana cikin ruwan sabulun da ke narkar da maiƙo. Idan akwai farin ɓawon kalsiyam a jikinsa, sai bayan an cire maiƙon sannan a sa shi a asid mai rauni, kaso ɗaya na asid cikin kaso 20 na ruwa. Wannan jeri yana da muhimmanci ƙwarai: idan asid ya riga sabulu, yana daskarar da man shafawa da gumin jiki a cikin yadin, katirij ɗin ya toshe har abada. Kuma a kullum asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Shekara biyu zuwa uku ya kan yi kafin a sauya.

Inda ƙura ke da yawa, ko bishiyoyi suka kewaye kwami, katirij yana cika da wuri, mai shi ya gaji da ciro shi.

Ta DE ita ce ke ba da ruwa mafi haske, ba musu. Garin burbushin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka daskare a ƙasa tun zamanin da. A cikin tankin akwai faifai masu yadi, ana dama garin a bokiti a zuba ta sikima famfo na aiki, sai ya je ya lulluɓe faifan, shi ne ke tacewa. Ma'auninsa kusan rabin kilo ga kowane murabba'in mita na faifai. Bayan kowane wanki a mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na wannan adadi, domin wani yana nan maƙale bai fita ba. Sau ɗaya a shekara a kwance faifan duka a wanke. Garin da ake yi wa kwami an gasa shi da wuta mai tsanani, ƙurarsa tana da illa ga huhu, dole a sa takunkumi wajen ɗibarsa. Wasu hukumomi ma sun hana a sake shi cikin magudanar gari. Ba na ba wa wanda ba shi da mai kula na dindindin shawarar ya saye ta.

A ganina ka zauna a kan yashi, daidai girmansa. Ita ce ta fi haƙuri da sakaci, kuma ita kaɗai ce za ta fitar da kai cikin sauƙi ranar da ruwa ya koma kore.

Sai dai ka auna ruwanka kafin ka ɗora wa filta laifin hazon duka. Filta tana kwashe datti ne, ba ta kashe komai. A riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6, kulorin mai aiki 1 zuwa 3 cikin miliyan, alkaliniti, wanda ke hana pH hawa da sauka, 80 zuwa 120, kalsiyam 200 zuwa 400, sinadarin da ke kare kulorin daga rana kuma 30 zuwa 50. Idan pH ya haura 7.8, kulorin yana rauni, kalsiyam kuma yana fita daga ruwan ya zama farin hazo, ya je ya manne yashin ya mai da shi kamar siminti. Idan kulorin ya yi ƙasa, gansakuka tana hayayyafa fiye da yadda kowace filta za ta iya kwashewa.

Baba Ɗanjuma ya rubuta:

Ɗana, wankin kullum da safen nan a daina shi. Yashin da ya ɗan ɗauki datti ya fi sabon wanki tacewa, domin dattin ya cike manyan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin. Kai kullum kana zubar da wannan amfani tare da ruwanka da kulorinka.

Gejin da ke kan tanki, mai auna matsin ruwa, shi ke faɗin lokaci. Ranar da aka wanke filta tas, a kunna famfo a karanta gejin, a rubuta lambar a jikin tankin da alƙalami mai kauri. Idan allurar ta haura wannan lamba da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, wato wajen rabin bar ko ɗan fiye idan gejin da bar yake aunawa, lokacin wanki ya yi. Wasu ba sa jira ya kai haka, da ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu suke wankewa, wannan ma daidai ne. Idan an kashe famfo allura ba ta koma sifili ba, gejin ya mutu, a sauya shi, ƙaramin abu ne.

Yadda ake wankin. A kashe famfo. A danna hannun bawul ɗin ƙasa a juya shi zuwa inda aka rubuta Backwash, wato juya ruwa ya shiga yashi ta ƙasa, a buɗe hanyar fitar ruwa. A kunna famfo a zuba ido ga ɗan gilashin da ke gefen bawul. Zai fara da duhu, ya washe cikin minti biyu zuwa uku. A kashe. A juya zuwa Rinse, a kunna na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Wannan ɗaurayar ce ke zaunar da yashin ta fitar da ragowar dattin da ke yawo a ciki, wanda ya tsallake ta zai ga gajimaren datti ya feso cikin kwami. A sake kashewa, a koma Filter, a kunna. A duba ruwan kwami kada ya sauka ƙasa da tsakiyar bakin sikima.

Na maimaita kashewa sau uku da gangan. A cikin bawul akwai wata roba mai siffar gizo-gizo da ke raba hanyoyin ruwa. Juya hannu famfo na aiki yana yage ta ko ya tumɓuke ta daga gurbinta. Alamarta ita ce ruwa ya riƙa tsiyaya ta bututun fitarwa alhali hannun yana kan Filter, ko datti ya riƙa zagaye yashi ya koma kwami. A riƙa juya hannun ta ɓangare ɗaya kullum. Robobin marufi a shafa musu man silikon, kada a sa basilin ko giris na mota, suna kumbura roba su lalata ta.

Karanta gejin ta ɗaya gefen ma. Idan matsi ya faɗi ƙasa da lambar da ka rubuta, matsalar tana ɓangaren da famfo ke zuƙo ruwa, ba a filta take ba: kwandon sikima ko na famfo ya cika, ganye ko gashi ya naɗe farfelar da ke juyawa cikin famfo, ruwan kwami ya sauka, ko iska na shiga ta marufin famfo. Kumfa a cikin marufin mai gilashi shaidar iska ce. Idan kuma matsi ya tashi kuma wanki bai saukar da shi ba, ko wani bawul ne a rufe bayan filta, ko yashin ya daskare.

Sauya yashi kuwa duk shekara uku zuwa biyar ne, gwargwadon yawan masu shiga. Ƙwayar sabon yashi tana da kaifi-kaifi, shi ke kama datti, da daɗewa ta goge ta yi sumul. Yashin silika na filta za ka nema, wanda girman ƙwayarsa ke tsakanin milimita 0.4 da 0.8. Yashin gini ko na kogi ba ya yi, yana da laka, ƙwayarsa ba ta daidaita ba, ƙananan za su bi ta tsagar bututan nan masu kama da yatsu da ke gindin tanki su cika maka kwami. Tanki mai 600 yakan ci kilo 125 zuwa 150, ainihin adadin yana rubuce a jikinsa. Akwai niƙaƙƙen gilashi da ake sawa a madadin yashi, ya ɗan fi sauƙin nauyi, yana kuma yin aiki da kyau.

Wajen zubawa, a cire matoshin ƙasa ruwa ya tsiyaye, a ɗauke bawul, a toshe bakin bututun tsakiya da tef, a kwashe tsohon yashi da kofi. A ciro yatsun a duba su ɗaya-ɗaya a haske. Kafin yashi ya shiga, a cika tankin da ruwa zuwa rabi, don kada nauyin yashi ya faɗo kan yatsun ya karya su. Wani ya riƙe bututun a tsakiya, a zuba a hankali. Kada a cika tanki, wajen kashi biyu cikin uku ya isa, sauran filin na tashin yashi ne lokacin wanki. Aikin farko bayan an rufe shi ne Backwash sannan Rinse, sai a rubuta sabuwar lambar geji.

Kuma ku ji tsoron iskar da ke taruwa a cikin tanki. Ruwa ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, tana iya cilla marufi da ƙarfin da zai illata mutum, musamman a tankin katirij da na DE masu maɗaurin ƙarfe a tsakiya. Kafin a taɓa maɗauri a kashe wuta daga babban makunni, a buɗe bawul ɗin fitar iska har geji ya koma sifili. Wajen kunnawa a bar shi a buɗe, a ja da baya, sai ruwa ya feso sannan a rufe.

Abu Safiyya ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Layin zuƙo biyu ne, don haka zan bi ta biyu, ƙaramin famfo da tanki mai 600. Tambaya ɗaya ta rage: kafin kayan su iso, ta yaya zan tabbatar abin da ke ƙasan kwamin yashin filta ne? Kuma akwai yadda za a washe ruwan na ɗan lokaci?

Injiniya Garba ya rubuta:

Ka nitse ka ɗebo shi da yatsu. Idan ya yi gurza-gurza tsakanin yatsunka kuma ya zauna wuri ɗaya, yashi ne. Idan da ka kai hannu ya tashi kamar hayaƙi ya bazu, matacciyar gansakuka ce ko ƙura, ko kuma gansakuka mai ruwan ɗorawa da mutane kan ɗauka yashi ce, ita tana son bango da wuraren inuwa. Wata hanyar: ɗaura tsohuwar safa a bakin da ruwa ke dawowa, ka bar famfo ya yi awa biyu. Abin da ka samu a cikin safar daga filta ya fito.

Don washe ruwan, alam zai yi maka, wanda wasu ke kira alif, ko kowane sinadarin dunƙule datti da aka yi domin kwami. Bi ma'aunin da ke jikin mazubinsa, yawansa na ƙara hazo. Ka fara daidaita pH. Sa bawul a Recirculate don ruwan ya zagaya ba tare da ya shiga yashi ba, zuba sinadarin, bar famfo awa biyu, ka kashe shi ya kwana. Da safe za ka tarar dattin ya kwanta a ƙasa kamar auduga. Juya bawul zuwa Waste, ka zuƙe shi a hankali ya fita waje kai tsaye, kana ƙara ruwa da tiyo a lokaci guda domin kwamin zai sauka da sauri. Idan ka yi gaggawa ya tashi, ka dakata ya sake kwanciya. Kada ko kaɗan ya bi ta filta, kuma masu katirij da DE su nisanci wannan hanya sai in suna da bututun da ke fitar da ruwa waje kafin ya kai tanki.

A halin yanzu kuma ka ɗan rage bawul ɗin da ke tsakanin famfo da filta, idan akwai, don gudun da ke shiga yashin ya sauka. Na ɓangaren da famfo ke tura ruwa ake ragewa. Na ɓangaren zuƙo a bar shi a buɗe gaba ɗaya, matse shi yana sa famfo ya riƙa ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, farfelar kuma ta cinye.